Tambaya da Amsa: Tauraro da kwamfuta sun saɓa a kan ozon, wa za mu bi?

Wasiƙu uku na zaɓa a wannan wata, duk daga jihar Kebbi, duk kuma a kan iska ɗaya. Ta farko ce za ta cinye mana fili, masu sauran biyun su yi haƙuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a Argungu. Ranar 16 ga Satumba mun yi ɗan taron Ranar Ozon ta Duniya da ɗalibai. Na gaya musu cewa masana suna auna ozon da tauraron ɗan'adam, suna kuma lissafa shi da kwamfuta, sannan su gwada su ga ko sun dace. Sai wata ɗaliba 'yar aji biyar ta ɗaga hannu ta ce: "Malam, in tauraro yana gani da idonsa, mene ne amfanin lissafin kwamfuta? In kuma suka saɓa, wa ke da gaskiya?" Na ce ta bari sai mako mai zuwa. Mako ya zo ya wuce. Don Allah a fitar da ni kunya.

AMSA: Amin wa alaikumus salam, Malam. A gaishe mini da ɗalibar nan, Allah ya ƙara mata basira. Ta tsaya ne a kan gani ya kori ji, kuma nan zan fara ja da ita, domin tauraro ba ya ganin ozon. Shi ma lissafi yake yi, sai dai lissafinsa daga haske yake farawa.

Ozon oksijin ne mai ƙwaya uku, maimakon mai ƙwaya biyu da muke shaƙa. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai walda yana aiki, ya ji wani wari mai kaifi yana tsikarin hanci, to akwai ozon a ciki. Kusan kashi 90 cikin 100 nasa yana can sama, galibi tsakanin kilomita 15 da 35, inda yake tare mana mafi yawan hasken UV, ɓangaren hasken rana mai ƙona fata da lalata ido. Yawansa ɗan mitsitsi ne. Da za a tattaro duk ozon da ke saman makarantarku, daga rufin aji har ƙarshen sama, a sauko da shi ƙasa, nauyin iskar da muke ciki ya danne shi, kaurinsa wajen milimita 3 ne kacal. Ka sa yara su duba milimita 3 a kan rularsu. Wannan kauri shi ake kira Dobson 300, da sunan Gordon Dobson na jami'ar Oxford a Ingila, wanda ya ƙera na'urar auna ozon daga ƙasa a shekarun 1920.

Tauraro irin Aura na Amurka, da aka harba a 2004, ko Sentinel-5P na Turai, na 2017, yana bi ta samanmu sau ɗaya da rana, wajen ƙarfe biyu a agogonmu na Kebbi, ana shirin azahar. Abin da na'urarsa ke kamawa hasken rana ne da ya sauko, ya daki iska da gajimare da ƙasa, ya koma sama. Ozon yana shanye wani sashe na UV sosai, wani sashen kuma ba ya taɓa shi sai kaɗan. Sai a gwada nawa ya dawo daga wannan, nawa daga wancan, a ce giɓin da ke tsakani aikin ozon kaza ne. Kafin a kai ga "kaza" ɗin nan sai an yi zato a kan abubuwa da dama: tsayin gajimaren da ke wurin, ko ƙasar rairayi ce mai haske ko fadama ce mai duhu, da yadda ozon ya saba rarrabuwa daga ƙasa zuwa sama a irin wannan yanki.

Ga kuma tamu ta gida, ƙurar hunturu. Ƙura da hayaƙin ƙona daji su ma suna shan UV, in ba a cire rabonsu ba sai lissafin ozon ya karkace. Masu na'urar TOMS ta Amurka sun yi fama da wannan, kuma ma'aunin ƙura da suka fitar daga bayanansu ne ya taimaka daga baya wajen nuna cewa kwarin Bodele na ƙasar Chadi yana cikin manyan wuraren da ƙura ke tashi a duniya. Hazon da ke rufe Birnin Kebbi a Janairu, da yawansa daga can yake.

Sannan na'ura tana tsufa a sama, ba kuma mai hawa ya goge mata gilashi. A shekarun 1980 bayanan tauraron Nimbus-7 sun nuna ozon yana raguwa a duniya fiye da yadda na'urorin ƙasa ke nunawa. Da wani kwamitin masana ya bi diddigi, ya ba da rahoto a 1988, sai aka gano wani faranti da na'urar ke amfani da shi wajen gwada ƙarfin hasken rana ne ya dusashe. Ragin na gaske ne, amma tauraro ya ƙara masa gishiri, kuma da awon ƙasa aka gyara shi. Na'urar OMI da ke kan Aura ita ma tun 2007 wani abu ya tare mata ɓangaren gani, ana zubar da wasu layukan bayananta. Tarihin ozon na sama da shekara 40 da ake nunawa a zane ɗaya, ɗinki ne na na'urori da yawa: TOMS daga 1978, GOME daga 1995, OMI daga 2004, OMPS daga 2011, TROPOMI daga 2017. Tunda canjin da ake nema bai wuce kashi ɗaya zuwa uku cikin 100 a shekara goma ba, ɗan kuskure a wurin ɗinki ya isa ya juya labari.

Kwaikwayon kwamfuta kuwa daga dokoki yake farawa. Ana yanka iskar duniya gida-gida, a jera gidajen hawa-hawa tun daga ƙasa har sama da kilomita 50. A rubuta wa kwamfuta yadda iska ke kaɗawa daga gida zuwa gida, yadda rana ke fasa oksijin ya zama ozon, yadda kulorin da sinadaran naitirojin ke rusa shi, haɗuwar sinadarai ɗaruruwa. Sai a bar ta ta tura lokaci gaba kaɗan-kaɗan, har shekara hamsin ko ɗari. Gida ɗaya a irin waɗannan manhajoji yakan kai kilomita 100 zuwa 200 a faɗi. Argungu da Birnin Kebbi da Jega da Gwandu duk za su iya faɗawa gida ɗaya, lamba ɗaya ta wakilce su, alhali TROPOMI, na'urar da ke kan Sentinel-5P, tana rarrabe fili mai kilomita 5.5 da 3.5. Saboda haka mai gwada su yana da aiki kafin ya buɗe baki. Zai tara ɗaruruwan awon tauraro ya fitar da matsakaici na gida ɗaya, ya zaro lambar kwamfuta ta daidai sa'ar da tauraron ya wuce, sannan ya dusashe bayanan kwamfutar daidai da yadda ganin tauraron yake da dishi-dishi tsakanin hawa da hawa. Saɓani da yawa da ake gani a farko a nan yake narkewa.

To me ya sa ake wahalar kwamfuta? Saboda ozon ba ya zama wuri ɗaya. Kai da ke Argungu ba sai an gaya maka halin kogin Matan Fada ba: ruwa ya cika da damina, ya ja da rani, wata shekara a yi ambaliya, wata a yi ƙamfa. Wanda ya auna shi sau biyu ya ce kogi na ƙafewa, ka san baƙo ne. Ozon da ke samanmu yana yawo tsakanin wajen Dobson 240 da 290, ya yi ƙasa a Disamba da Janairu, ya hau da damina. Bayan wannan akwai iskar da ke saman tsakiyar duniya, a tsayin kilomita 20 zuwa 30, wadda ke kaɗawa gabas, ta juya yamma, ta sake dawowa, cikin wata 28 a matsakaici, tana ɗaga ozon tana sauke shi. Akwai ƙarfin rana mai hawa da sauka duk shekara 11. Akwai duwatsu masu aman wuta: Pinatubo na ƙasar Filifin ya fashe a Yunin 1991, ozon ya faɗi ƙwarai a 1992 da 1993. A ƙarƙashin duk wannan ne ake laluben aikin ɗan'adam. Tauraro zai ba ka jimla. Kwamfuta ce za ka ce mata ta cire Pinatubo, ko ta tsayar da kulorin yadda yake a 1980, ka ga rabon kowa. Ita ce kuma kaɗai za ta amsa "da ba a yi kaza ba". Wani lissafi da Paul Newman na hukumar NASA da abokan aikinsa suka wallafa a 2009 ya nuna da ba a ƙulla yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda ta hana sinadarai masu cin ozon, ba, da kusan kashi biyu cikin uku na ozon duniya ya tafi kafin 2065.

Af, ka ja kunnen yara a kan abu ɗaya. Ƙarancin ozon a samanmu ba rami ba ne, haka yake tun asali. A nan ƙasashe masu zafi aka fi haɗa shi, amma iska tana hawa ta kwashe shi zuwa arewa da kudancin duniya. Abin da ake kira rami shi ne inda ya gaza Dobson 220, kuma a saman Antaktika yake buɗewa, daga Agusta zuwa wajen Nuwamba. Zafin Afrilu da ke hana mu barci a ɗaki ba daga can yake ba.

Yanzu ga tambayarta ta biyu, wa ke da gaskiya. Labarin ramin nan shi ya fi amsa ta. A 1974 Mario Molina da Sherwood Rowland suka yi gargaɗi cewa gas ɗin CFC na firji da gwangwanin feshi zai hau sama ya saki kulorin. Lissafin kwamfutocin wancan zamani ya yarda, amma ya ce ragin zai zo a hankali cikin shekaru masu yawa, kuma a can sama wajen kilomita 40. Babu wanda ya lissafo rami. A Mayun 1985 wasu Turawan Birtaniya uku, Joe Farman da Brian Gardiner da Jonathan Shanklin, suka wallafa abin da na'urar Dobson ta tasharsu ta Halley a Antaktika ke nunawa: ozon na watan Oktoba ya sauko daga wajen 300 a shekarun 1960 zuwa wajen 200 a 1984. Ina tauraro? Nimbus-7 yana sama tun 1978, kuma ya auna abin. Sai dai an tsara manhajar tace bayanansa ta sa alamar shakka a kan duk awon da ya gaza Dobson 180, don ba a zaton iska za ta taɓa nuna haka. Da aka koma kan lambobin da aka ware, sai ga rami mai girman nahiya.

Ka lura da yadda abin ya kasance. Kwamfuta ba ta san da shi ba. Tauraro ya kama shi, amma zaton da aka gina a cikinsa ya sa aka yi jinkirin gaskata shi. Tsohuwar na'ura a ƙasa, da mutane ke fita cikin sanyi su auna da hannu, ita ta fara magana. Dalilin kuma sai a 1986 Susan Solomon da abokan aikinta suka kawo: a sanyin da ya wuce digiri 78 ƙasa da sifili, wani siririn gajimare yana haɗuwa a can sama, a jikin ƙwayoyinsa ne kulorin da ke kwance yake farkawa, rana na fitowa ya afka wa ozon. A 1987 jiragen bincike suka tashi daga Punta Arenas ta ƙasar Chile suka shiga ramin, suka tarar duk inda sinadarin kulorin ya hau, ozon ya faɗi. Da aka sa wannan gajimare a cikin lissafi, kwamfuta ta fara haƙa ramin da kanta.

Har gobe ana irin wannan ja-in-ja. A farkon 2016 iskar nan mai juyawa duk wata 28 ta karya al'adarta, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara auna ta a shekarun 1950, kuma hasashen kwamfutoci bai hango ba. A 2018 William Ball da wasu masana a Suwizalan suka haɗa bayanan taurari suka ce ozon na can ƙololuwa yana farfaɗowa, amma na ƙasa-ƙasan hawan da ozon ke taruwa a sama, in ban da yankunan ƙanƙara, ya ci gaba da raguwa tun 1998, kuma yawancin manhajoji ba su nuna haka a tsakanin ƙasashe masu zafi da yankunan ƙanƙara ba. Binciken da ya biyo baya ya fi ɗora abin a kan sauyin tafiyar iska. A shekarar dai aka ga amfanin ɗaya ɓangaren: lissafi ya ce gas ɗin CFC-11 ya kamata ya riƙa raguwa da sauri kaza, awo ya nuna ragin ya yi sanyi, a 2019 aka bi sawu har gabashin ƙasar Sin, inda aka tarar ana fitar da shi duk da hani. Da babu lissafin da za a gwada da shi, da ba a san an yi satar hanya ba.

Ga abin da ni zan gaya mata. In tambayar "me ya faru" ce, awo ke gaba, da sharaɗin an gwada tauraron da awon ƙasa. In "me ya jawo" ce ko "me zai faru", to sai kwamfuta, kuma amincinta gwargwadon yadda ta iya maimaita abin da aka riga aka auna. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 da ya ce ozon zai koma yadda yake a 1980 wajen 2040 a yawancin duniya, 2045 a ƙuryar arewa, 2066 a Antaktika, duk daga irin waɗannan manhajoji ya fito. Ni kuma na fi tsarguwa in na ga sun dace tsaf. Taswirorin ozon masu kyau da hukumar Copernicus ta Turai ke fitarwa kullum, da tarin bayanan MERRA-2 na NASA, kwamfuta ce da ake ciyar da ita awon tauraro tana gyara kanta da shi. Suna da amfani ƙwarai, amma wanda ya gwada su da tauraron da suka ci daga gare shi, ya ce ga shi sun dace, bai tabbatar da komai ba.

Abin da ke raba gardama har yanzu balan-balan ce. Akwati ne ƙarami na farin soso, a ciki akwai ɗan famfo da ke zuƙo iska ya bi da ita ta cikin ruwan wani gishiri mai ayodin. Duk ozon da ya shiga sai ya haifar da 'yar wutar lantarki, rediyon da ke jikin akwatin ya aiko da lambar ƙasa. Balan-balan ta yi ta hawa tana kumbura, wajen awa biyu, har ta fashe a kilomita 30 da wani abu. Tun 1998 akwai tsarin SHADOZ da ke tattara irin wannan awo a ƙasashe masu zafi, Nairobi tana ciki, Kwatano ma ta yi 'yan shekaru kafin 2007. Afirka ta Yamma tana cikin wuraren da wannan awo ya fi ƙaranci, ga mu da ƙura da hayaƙi da tsawa, abubuwan da suka fi rikita tauraro da kwamfuta baki ɗaya. Aiki ne da bai fi ƙarfin jami'o'inmu ba.

TAMBAYA: Malam, ni manomin shinkafa ne a fadamar Jega. A rediyo an ce ozon yana kare mu, wani malamin gona kuma ya ce mini yana rage amfanin gona. Wanne zan ɗauka?

AMSA: Sarkin noma, ɗauki duka biyun. Na sama kariya ne. Ragowar kashi 10 ɗin da ke ƙasa, inda muke numfashi, guba ne ga huhu da ganye. Ba a cikin hayaƙin inji yake fitowa kai tsaye ba. Hayaƙin mota da janareta da injin ban-ruwa da ƙona daji ne rana ke dafawa ya zama ozon. Yana shiga ta ƙananan ƙofofin da ganye ke shaƙar iska, ya sa ganyen tsufa da wuri, ƙwaya ta ƙi cika. Alkama da wake da waken suya sun fi jin jiki, shinkafa tana da ɗan juriya amma ba ta tsira ba.

Wannan na ƙasa shi ya fi ba tauraro wuya, domin sai ya leƙo ta cikin kashi 90 kafin ya ga kashi 10. Duk da haka ya taɓa koya wa kwamfuta darasi a kan ƙasarku. A 2004 Lyatt Jaeglé da abokan aikinta suka nuna, da bayanan na'urar GOME, cewa idan ruwan farko ya sauka a busasshiyar ƙasar Sahel, ƙwayoyin halittar da ke cikinta suna farkawa su saki iskar naitirojin mai haɗa ozon, da yawan da lissafi bai tanada ba. A daminar 2006 jirgin bincike da ke tashi daga Yamai ya bi ta saman ƙasar da ruwa ya jiƙa, ya tarar da hakan. Wannan ba laifin kowa ba ne. Wanda ke hannunka shi ne tattakar shinkafa bayan girbi: ka ba dabbobi, ko ka sayar wa makiyaya, ko ka mayar wa gona ta ruɓe, kada ka cinna mata wuta.

TAMBAYA: Ni mai gyaran firji da esi ne a Yawuri. Cikin gas ɗin da muke ɗurawa, wanne ke cin ozon?

AMSA: Maigida, duba lambar da ke jikin tukunya. R-12 shi ne CFC, babban mai laifi, kuma ƙasashe irin Nijeriya sun daina shigo da sabonsa tun farkon 2010. In ka tarar da shi a tsohon firji kada ka sake shi a iska, yana kai wajen shekara 100 a sama. R-22 na tsofaffin esi yana da kulorin shi ma, ɓarnarsa ba ta kai ta R-12 ba, kuma 2030 aka sa a kusan gama da shi. R-134a ba ya taɓa ozon amma yana ɗumama duniya, shi ya sa gyaran yarjejeniyar Montreal da aka yi a Kigali a 2016 ya sa a rage shi a hankali. R-600a na sababbin firji ya kuɓuta daga laifin farko, na biyun ma kusan babu, sai dai yana kama wuta. In za ka yi walda a bututunsa, ka fitar da gas ɗin tas a fili mai iska tukuna, kada ka yi a cikin rufaffen shago.